Ƙanina Yana Shakkar Samuwar Allah Amma Ya Ce Ruhinsa Ya Natsu: Hakan Na Yiwuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanina ɗan shekara 24 ya bar salla kusan shekara guda ke nan. Da na matsa masa sai ya ce shi yanzu bai tabbata akwai Allah ba, amma hankalinsa ya fi kwanciya fiye da da. Kullum da sassafe yakan zauna shiru na minti 20 yana jan numfashi a hankali. Gaskiya ya rage fushi, kuma ya fi mu duka jin ƙan mahaifiyarmu. Wani ya ce min ƙarya yake yi ko kuma aljanu ne, a kai shi ruƙiyya. Wanda bai yi imani da Allah ba zai iya samun rayuwar ruhi? Kuma in ya gayyace ni wannan zaman, ya halatta in zauna?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka miki da alheri, 'yar'uwa, da kika tambaya kafin ki ɗauki mataki.

Ki koma kan lafazin da kika kawo. Kin ce ya ce bai tabbata ba. Ba ki ce ya ce babu ba. Malamai suna raba mutum uku a nan. Akwai wanda tunani ke faɗo masa yana ƙinsa yana jin nauyin furta shi, wannan shi ne wanda Annabi (SAW) ya ce wa sahabbai game da irin halinsa, a hadisin Muslim, wannan tsantsar imani ne. Akwai wanda shakka ta zaune masa ya kasa yanke wa kansa hukunci. Sai mulhidi wanda ya yanke cewa babu mahalicci, irin dahriyyan da aya ta 24 a Suratul Jasiya ta ambata, masu cewa zamani ne kawai ke halaka mu. Ƙaninki, bisa abin da kika faɗa, ya fi kusa da na biyu. Shakka zaunanniya a kan samuwar Allah tana warware imani, babu saɓani a wannan, kuma barin salla babban al'amari ne. Amma ɗora sunan ridda a kan wani mutum ayyananne aikin alƙali ne bayan an zauna da shi an warware masa shubuha. Ba naki ba ne, ba na taron dangi ba ne. Mai shakka ƙofarsa a buɗe take, kuma sau da yawa kiransa kafiri a gaban mutane ne ke rufe ta.

Kalmar ruhi da yake amfani da ita tana ɗauke da abu biyu, shi ya sa kuke jayayya ba ku haɗu ba. Kowane ɗan Adam yana da ruhi, an busa masa tun yana ciki, mumini ne ko waninsa, kuma kowa an haife shi a kan fiɗira, wato tsarkakakkiyar ɗabi'ar asali da Allah ya halicci mutum a kanta. Don haka natsuwa, tausayi, jin ƙanƙantar kai in mutum ya ɗaga ido ya ga taurari, ƙwalla a gaban gawa, duk wannan wanda bai yi imani ba yana samu. Abin da Musulunci ke kira tazkiyya (tsarkake zuciya) da ihsani kuwa, wato ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, alaƙa ce tsakanin bawa da Ubangijinsa. Alaƙa ba ta tsayuwa da ɓangare ɗaya. Wanda yake jin godiya ta cika masa ƙirji amma bai san wa zai gode wa ba, ya samu jin, bai samu kusancin ba. Hukuncin ke nan: natsuwar yana iya samu, ibada da kusanci ga Allah ba sa tabbata sai da imani.

Maganar wanda ya ce miki ƙarya yake ko aljanu ne, ban yarda da ita ba, kuma zan tsaya a kanta domin ta yaɗu har a bakin masu wa'azi. Hujjarsu aya ta 124 a Suratu Ɗaha, cewa wanda ya juya baya ga ambaton Allah yana da rayuwa mai ƙunci. Daga nan suka yanke cewa duk wanda ba mumini ba dole yana cikin damuwa a ɓoye, in ya ce ya natsu to ɓoyewa yake. Amma masu tafsiri ba su haɗu a kan cewa ƙuncin nan na zuciya ne a duniya ba. An ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri da Abu Huraira cewa azabar kabari ake nufi, kuma ita Imamu Ɗabari ya rinjayar. Ko waɗanda suka fassara shi da duniya ba su ce mutum ba zai taɓa jin daɗin awa guda ba. Aya ta 15 a Suratu Hud ta ce wanda yake nufin rayuwar duniya za a cika masa sakamakon ayyukansa a cikinta ba tare da tauyewa ba. Hadisin Anas a Muslim ya ce kafiri ana ciyar da shi da kyawawan ayyukansa a duniya. Jin ƙan uwa kyakkyawan aiki ne, kwanciyar hankali kuma arziki ce, me zai hana a ba shi?

Shi zaman kansa ba ya buƙatar aljani kafin a fahimce shi. Mutum in ya zauna wuri guda ya sassauta numfashi, ya tsawaita fitar da shi fiye da shaƙa, bugun zuciya yana sauka, jiki ya saki. Sunna ce ta Allah a jikin mutum, kamar yadda barci ke wartsakar da mai salla da marar salla. Illar waccan magana a aikace ita ce: yaron ya san yana jin abin da yake ji. Ranar da kika ce masa ƙarya ne, ya samu hujja a hannunsa cewa masu addini suna ƙaryata abin da ba su sani ba, sai ya daina sauraronki a kan abin da kika sani. In kuma aka danne shi aka yi masa ruƙiyya da ƙarfi alhali babu alamar shafa, to an zalunce shi, an kuma haɗa masa Alƙur'ani da wulaƙanci a ƙwaƙwalwa.

Shi ma ki faɗa masa, cikin taushi, natsuwa ba ta zama dalilin gaskiya. Mai bautar gunki yana samunta, mai shan maganin barci yana samunta. Ta nuna zaman yana yi wa jikinsa amfani, ba ta amsa tambayar wa ya yi shi ba.

Batun zama da shi: yin shiru da daidaita numfashi halal ne a asalinsa. Ki duba abu uku kafin ki zauna. In akwai kalmar da ake maimaitawa, ki tambayi ma'anarta, domin wasu sunayen ababen bauta ne na wasu addinai. In akwai rusuna wa rana ko hoto ko wani malami, ki bari. In manufar ita ce mutum ya ji ya narke ya zama ɗaya da halitta, wannan aƙida ce, ba motsa jiki ba. In babu ko ɗaya, ki zauna ki cika lokacinki da azkar na safe, kuma kada zaman ya ci miki sallar asuba. In kin san ke ma zuciyarki na rawa in ya kawo shubuha, kada ki yi muhawara da shi, ki haɗa shi da malami mai haƙuri wanda ya san ilimin aƙida.

Kada ki yanke shi. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi (SAW) game da mahaifiyarta mushrika, ya ce ta sadar da zumuncinta. Ki same shi ku biyu, ba a gaban mahaifiyarku ba, ki yi masa tambaya ɗaya: me ya faru a watannin da suka gabaci barin sallarsa? Sau da yawa za ki tarar rasuwa ce, ko addu'ar da ya ga kamar ba a amsa ba, ko zaluncin wani mai rigar addini, ko tambayar da ya yi aka daka masa tsawa. Kowanne maganinsa daban. Ki bar shi ya gama magana ko da abin da yake faɗa yana miki zafi. In kin ga baccinsa ya lalace ko yana yawan zancen mutuwa, ki kai shi ga likita kafin komai.

Ke kuma ki duba sallarki. Yaron da ya samu a zaman minti 20 abin da bai taɓa samu a salla ba, wataƙila sallar da ya sani ta gaggawa ce. Ki tsaya a ruku'u da sujada har gaɓoɓinki su zauna, ki riƙa sa sunansa a sujadarki.

Wallahu a'alam.