Kwasar adashi ta zo: firiza ko buhun gero?

Tambaya: Mu ashirin ne a adashinmu na unguwar Ƙofar Marusa da ke Katsina, kowa na zuba dubu goma duk sati. Kwasata ta kusa, dubu ɗari biyu ke nan. In sayi firiza na hannu in riƙa saida ƙanƙara da zoɓo, ko in zuba hatsi? Maigida ya ce in yi yadda na ga dama. Maman Sadiƙ.

Amsa: Maman Sadiƙ, kwasa ba ta yanke zubi. Ranar da kika karɓi kuɗin nan, sati mai zuwa uwar adashi za ta turo yarinya karɓar dubu goma. To, duk abin da za ki saya, ki fara tambayar kanki daga ina zubin zai riƙa fitowa. Gidaje da yawa a nan suke shiga matsi: an kwashe, an sayi kujeru, sai a koma tsakurar kuɗin cefane ana biyan zubi, miya ta koma ruwa.

Ƙanƙara tana tafiya a Katsina daga Maris zuwa Mayu, balle in azumi ya faɗo cikin zafi. Da hunturu kuwa ba mai waiwayarta. Kuma awa nawa kuke samun wuta a layinku? In sai kin haɗa da sola ko janareta, dubu ɗari biyu ba za ta kai ki ko'ina ba.

Hatsi ya fi kwanciyar hankali, in dai na ci ne. Gero da dawa sukan sauko da kaka su tashi da damina, amma ba kullum ba. Masu tarawa da yawa sun ji jiki a 2025 da farashi ya karye. Ni dai shawarata, ki ajiye abin da zai riƙe gida, in da wake ki sa shi a buhu mai leda saboda ƙwari, sauran ki ƙara a jarin sana'ar da hannunki ya riga ya saba da ita. Sai kuma ku yi magana da maigida tun yanzu: buhunki taimako ne, ciyarwa na nan a wuyansa.

Tambaya: Uwar adashinmu ta ce mu daina kawo tsaba, mu riƙa turawa asusunta na banki. Akwai matsala? Wata 'yar'uwa daga Daura.

Amsa: Turawa ta fi, ko don shaidar da take bari a waya. Sai dai ki sani, inshorar NDIC (hukumar da ke kare kuɗin masu ajiya a banki), wadda tun 2024 ta kai naira miliyan biyar a manyan bankuna, mai asusu take karewa in banki ya durƙushe. Ba ta kare ki in uwar adashi ta taɓa kuɗin. Ku buɗe littafi da sunan kowa da ranar kwasarta, mutum biyu su riƙa sa hannu, ke kuma kar ki goge rasit sai zagaye ya ƙare.