Me ya sa aka bar fadar Lochleven kango?

Malam, ka ce in dai gwamnatin Sikotilan na kare fadar Lochleven, me ya hana ta yi mata rufi ta koma yadda take a da, maimakon a bar ta kango a tsakiyar tafki.

Ai barin nata haka yana cikin kariyar. Tana cikin wuraren tarihi da dokar kare wuraren tarihi ta 1979 ta yi wa rajista, don haka ko rami ba ka isa ka haƙa a wurin ba sai da rubutaccen izini. Hukumar Historic Environment Scotland, wadda ke kula da ita, aikinta ta hana abin da ya rage zubewa: a cire ciyawar da saiwarta ke tsaga bango, a sake cike tsakanin duwatsu da kwaɓin farar ƙasa, ba siminti ba. Siminti yana kulle danshi a cikin dutse, sanyi ya zo ya farfasa shi.

Ni ina bayan wannan tsari. Hasumiyar fadar tun ƙarni na 14 take tsaye. A tsibirin da fadar take aka tsare Sarauniya Mary ta Sikotilan a 1567, aka tilasta mata sauka daga sarauta, ta tsere a kwalekwale a watan Mayu na 1568. In aka ɗora sabon gini, maziyarci zai riƙa shafa bangon da ita ba ta taɓa gani ba.

Tsibirin ma ya fi na zamaninta girma, domin an rage ruwan tafkin wajen 1830. Daga garin Kinross ake tsallaka wa da mutane a ƙaramin jirgin ruwa.