Amsoshin Tambayoyinku: Takin Bayan Mota da Sauran Matsalolin Farkon Damina

Tun da hadari ya fara haɗowa daga gabas wasiƙunku suka sauya kama. Da yawanmu jiki ne kawai a birni, hankali yana can ƙauye wajen tsofaffi, ana lissafin iri da taki da ɗakin da ke yoyo. Ga waɗanda na zaɓo a wannan makon.

Tambaya: Na ga ana samun kuɗi da burola a TikTok. Ina so in sayi 'yan tsaki hamsin in kai wa Innata ƙauye ta sake su a tsakar gida, tunda damina ta zo akwai ƙwari da ciyawa. (Wani matashi daga Zoo Road)

Amsa: Kada ka soma, ɗana. Burola ba ta iya tono ba, abincin buhu take ci, tana son ɗumi a makonnin farko, ga rigakafi. Waɗanda sanyi bai kashe ba shaho zai kwashe, kuma Inna ce za ta kwana da baƙin ciki, ba mai bidiyon ba. Saya mata kajin gida 'yan dakwale da zakara ɗaya. Yanzu zabi ke saka ƙwai, a samo mata a sa wa kaza mai kwanci, cikin kwana 26 zuwa 28 za ta ƙyanƙyashe. Kafin hunturu a yi musu rigakafin annobar kaji da likitocin dabbobi ke kira Newcastle.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mahaifinmu yana noma gonar gado a wajen Bichi, ni nake aika kuɗin taki duk shekara. Bana wani abokin aiki ya haɗa ni da mai sayar da kamfa da yuriya a bayan mota, farashinsa ya yi ƙasa da na kasuwa sosai, ya ce na gwamnati ne aka fitar. In saya? (Wani ma'aikaci daga Gwale)

Amsa: Malam, kai da kake Kano ka san nawa buhun yuriya yake a wannan watan. Mutumin da ya zubar maka da dubbai a kan kowane buhu, ƙaninka ne ko surukinka? Arha ba ta ado. In da gaske na gwamnati ne, to haƙƙin wasu manoma aka karkato, ka ga ba abin da za ka kai gonar mahaifinka ba ne. In kuma ƙarya yake, wanda shi na fi zato, ƙasa da yashi da farar ƙasa za ka biya kuɗin mota ka kai Bichi.

Abin da ke ƙona mini rai da jabun kayan gona shi ne ba a gane shi da wuri. Ka sayi jabun caja, kafin la'asar ka mayar wa mai shago. Taki kuwa sai bayan sati huɗu ko biyar, lokacin da masarar maƙwabci ta yi baƙi-ƙirin taku tana ɗorawa-ɗorawa, sannan a fara zargi. Kafin nan mai mota ya ɓace, lokacin zuba taki ya wuce, tsoho ya riga ya biya 'yan ƙodago sun yi masa noman firi. Ba shi kaɗai ya yi asara ba. Matan gidan da suka yi shuka cikin rana, yaran da suka yi ta jigilar ruwa da furar gona, duk an ci guminsu, rumbu kuma zai ƙare tun kafin bazara. Kai da kake birni sai dai a kira ka a waya a ce a aiko da kuɗin hatsi, ka je Dawanau ka sayi abin da ya kamata a ce kun noma.

Yadda suke yi ba ɓoyayye ba ne. Suna tattara tsofaffin buhunan kamfanonin da aka sani, su cika da gauraye, su sake ɗinkewa. Don haka fara duba bakin buhu: in ka ga ramukan tsohon ɗinki kusa da sabo, ajiye. A ɗora maka a sikeli a gabanka, kilo 50 aka rubuta, kilo 50 za ka biya. Yuriya tana da sauƙin gwadawa. Ɗebi cokali biyu ka zuba a kofin ruwa ka juya, ta gaskiya narkewa take yi tas, ruwan kuma ya yi sanyi a hannu. In yashi ya kwanta a ƙasa ka sami amsarka. Kamfa ya fi wuyar ganewa da ido, domin na gaskiyar ma yakan bar ɗan gari a ruwa, shi ya sa nake cewa a saye shi wurin dila mai shago tsayayye, wanda zai rubuta rasiti, wanda za ka iya komawa ka same shi a watan Agusta. Tun 2019 akwai dokar tarayya kan ingancin taki, ta wajabta wa masu sayarwa yin rajista, ta haramta gauraye da tauye awo. Mai bayan mota wace rajista ya nuna maka?

Haka iri. An sha sayar wa mutane masarar ci da aka shafa wa jan kala aka ƙulla a leda da sunan ingantaccen iri. Irin da hukumar kula da iri ta ƙasa ta tantance yana zuwa da takarda, wasu da lambar da ake kankarewa a tura ta waya. Ko da ka yarda da shi, ƙirga ƙwaya 100 ka nannaɗe a jiƙaƙƙen buhun algarara, ka riƙa yayyafa ruwa na mako guda. In ƙasa da 80 suka tsiro, kada a kai shi gona. Maganin feshi kuma a nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji wanda ake tsiyayawa a robar lemo. Wannan ma haɗari biyu ne, ko bai kashe ciyawa ba yana iya kashe yaron da ya ɗauka abin sha ne.

In kuɗin ba su isa buhunan da ka saba ba, sayi kaɗan na gaskiya. A fitar da takin turke da na juji a zuba, sannan a riƙa binne kamfa cikin murfin lemo ɗaya a gindin kowace shuka maimakon watsawa. Gyaɗa da wake takin sufa suka fi so, ba yuriya ba. Baba ya je ya ga malamin gona na KNARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, da ke yankinsu, tambaya ba kuɗi. Abokin aikin naka kuma ka gaishe shi, ka ce na ce shi ya fara saya.

Tambaya: An yi ruwan farko mai ƙarfi, in ce su shuka masarar da na saya? (Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari)

Amsa: Alhaji, mutanen da suka shekara arba'in suna noma wannan ƙasa kai za ka koya wa daga rumfa? A yankin Kano ruwa yakan yi sau ɗaya ya ɗauke sati biyu. Gero na jure wannan, shi ya sa ake bizne da shi, masara mai tsada ba ta jurewa. A bari ruwa ya zauna ƙasa ta jiƙu sosai. Kai dai aika kuɗin aiki a kan lokaci.

Tambaya: Baba, ni 'yar Fagge ce, aure ya kai ni wani ƙauye bayan Gezawa, wannan ce daminata ta farko a can. Ɗakina na ƙasa ne, yana ɗiga ta kusurwa, ina da jaririya 'yar wata biyar. Dare ya yi ba na iya barci don tsoron rufi da sauro da maciji. Kuɗin hannuna kaɗan ne, me zan fara saya? ('Yar ku mai damuwa)

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata, tsoronki na mai hankali ne, kuma yawancin abin da kike bukata ba ya cin kuɗi. Rufin shi ne na farko, kuma aikin maigida ne. Ki gaya masa cikin ladabi yau ɗin nan, ya hau ya share indararo, ya toshe tsaga, a yi yaɓe tun ruwan Agusta bai zo ba. In akwai azarar da ta lanƙwashe ko bango ya jiƙe daga ƙasa, ki koma ɗakin surukarki kafin a gyara, ba abin kunya ba ne. Leda a kan soro taimakon kwana biyu ce, ruwa na taruwa a ƙarƙashinta in ta huje.

Kuɗinki kuwa gidan sauro mai magani za su fara saya, in ba ki samu kyauta a asibitin awo ba. Ki shanya sabo a inuwa kwana ɗaya kafin ki ɗaura, ki cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Kada ki fesa fiya-fiya a ɗakin da jaririya ke kwana, ko wa ya ce miki yana yi. In damina ta kankama ma'aikatan lafiya na bi gida-gida kowane wata da maganin kariyar zazzaɓi na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ki karɓa ki cika kwana ukun. In jikinta ya yi zafi, asibiti, ba kemis ba. Sai tocila mai caji da rana, da takalmin roba don fita da dare. A nome ciyawar bayan ɗaki, a matsar da tarin itace da akurkin kaji nesa da ƙofa, domin ɓera da ƙwai ne ke jawo maciji. Surukarki ta ga damina da yawa a gidan nan, ki zauna kusa da ita ki riƙa tambaya, za ta ji daɗi. Allah ya raya mana jikanya.

Tambaya: Ina so in ƙara wa matata awaki uku a ƙauye yanzu. (Wani magidanci daga Kurna)

Amsa: Wa zai yi musu ciyawa? Da an yi shuka dabba ta koma turke sai an gama kaka, in ta tsinke ta shiga gonar maƙwabci kuma ka sha zaman gaban mai unguwa. In akwai yaran da za su yanko ciyawa safe da yamma, da rumfa busasshiya, sayi biyu, a ba su maganin tsutsar ciki, a ware su daga na gida na sati biyu. In babu, bari sai harawa ta shigo.