Ku Tambayi Injiniya: "Manaja ya ce kar a rubuta komai"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni ina aiki ne a wata masana'antar roba a nan Kano, wata ɗaya da ya wuce inji ya kama min hannu har na rasa yatsu biyu, manaja shi da kansa ya kai ni asibiti a motarsa ya biya kuɗin ɗinki da magani Allah ya saka masa, amma ya ce kar a rubuta komai a ofis wai idan aka rubuta za a jawo wa kamfani matsala kuma ni ma aikin nawa zai iya tafiya tunda dama ni kajuwal ne ba a taɓa ba ni takardar ɗaukar aiki ba. Yanzu abokan aikina wasu suna cewa inada haƙƙin diyya wasu suna cewa in haƙura ƙaddara ce. Dan Allah ya zan yi? Daga wani mai karatu, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Ƙaddara ce kam babu mai musu, amma ƙaddara ba ta hana mutum neman haƙƙinsa, ko a littattafan fiƙihu diyyar yatsa ɗaya raƙuma goma ce, ka ga ashe ba ƙaramin abu ka rasa ba.

Maganar kajuwal ɗin nan ka cire ta daga ranka. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da ta zo faɗin waye ma'aikaci ta saka har da na wucin gadi da ɗan koyo da wanda aka ɗauka da baki kawai babu takarda. Hukumar NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ita ke riƙe da asusun diyyar, kuma kamfani ne yake zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, daga aljihunsa, ba a yarda a cire ko sisi daga albashin ma'aikaci ba. Tsarin shi ne wanda ya ji rauni ya sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani kuma ya sanar da hukumar cikin kwana 7, sannan a shigar da neman diyya kafin shekara ta cika. Na san zaka ce ai kwana 14 sun wuce. Toh dokar ta bar ƙofa idan ya tabbata kamfani ko wakilinsa ya san da abin, kai kuwa manaja ne ya ɗauke ka a motarsa, wane sani ya wuce wannan?

Matsalar ita ce tabbatarwa. Yau kowa a wurin ya san abin da ya faru, amma nan da wata takwas manajan nan zai iya barin aiki, waɗanda suka ɗaure maka hannu da tsumma a ranar an sallami wasu, sai a wayi gari a ce ai a gida ka ji ciwon ko a kan babur. Shi ya sa wannan "kar a rubuta" ɗin take ba ni tsoro fiye da komai a cikin wasiƙarka. Gobe ka koma asibitin ka nemi rahoton likita mai ɗauke da kwanan wata da kuma cewa inji ne ya yi raunin, ka adana kati da rasit duk da ba kai ka biya ba ko hotonsu ne ka ɗauka. Ka samu mai rubutu mai kyau ya rubuta maka takarda gajera zuwa ga kamfani, rana kaza ƙarfe kaza a kan inji kaza, wane da wane suna wurin, ka yi kwafi biyu ka miƙa ɗaya a sa maka hannu ko hatimi a ɗayar. In sun ƙi karɓa ka tura wa manajan hotonta ta WhatsApp ka bar saƙon a wayarka kar ka goge. Tunda ba ka da takardar ɗaukar aiki, alat ɗin albashi na banki ko katin shiga ko hotonka da rigar kamfani duk shaida ne. Dama dokar ƙwadago cewa ta yi a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa, rashin ba ka takardar laifinsu ne ba naka ba.

Su ma akwai abin da ke kansu. Dokar masana'antu ta 1987 ta ce duk hatsarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aikinsa fiye da kwana uku sai an kai rahotonsa ga sufetan masana'antu, kuma kowace masana'anta tana da babban rijista da ake shigar da irin wannan. Dokar ta kuma ce duk ɓangaren inji mai hatsari a yi masa kariya. Tambayi kanka, injin da ya kama ka yana da murfinsa a ranar? Don sau da yawa idan an zo gyara sai a kwance murfin a jingine shi a bango don aiki ya fi sauri, a manta da shi shekara da shekaru. In haka ne kuma ba a rubuta naka ba, injin yana nan yadda yake yana jiran hannun wani.

Kar ka sa hannu a wata takarda da ba a karanta maka ba, musamman in an haɗo ta da ɗan kuɗi a ambulan. Ka je ofishin NSITF da takardunka, in aka ce kamfanin bai yi rajista ba ka wuce ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, in abin ya ƙi akwai kotun ma'aikata, akwai kuma hukumar ba da lauya kyauta ga marar ƙarfi. Manaja ya yi maka alheri ka gode masa, amma kuɗin ɗinki daban diyya daban.

TAMBAYA: Injiniya ina gaisuwa. Na sayi wani gini mai shaguna a ƙasa da hawa ɗaya a sama, yanzu inaso in ɗora hawa biyu saboda wurin yana da kasuwa sosai, birkilan da yake min aiki tun da daɗewa ya zo ya duba ya bubbuga filolin ya ce ginin da ƙarfinsa zai ɗauka ko hawa uku ne. Takardar da ke hannuna ta ciniki ce kawai sai ta fili. Wani yarona da ya yi boko yake ta damuna wai sai an nemo wasu takardu, ni kuma ina ganin ɓata kuɗi ne. Meye gaskiyar magana? Daga wani ɗan kasuwa.

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, yaron nan naka ka riƙe shi da kyau. Ban raina birkilanka ba, wataƙila ya fi ni iya jera bulo nesa ba kusa ba, amma bugun fila da hannu ba ya nuna rodi nawa ne a ciki, mai kaurin milimita 12 ne ko mai 16, kuma ba ya nuna faɗin fandisho da ke binne a ƙasa. Wanda ya yi ginin tun farko da lissafin hawa ɗaya ya haƙa ramin, tun ran gini tun ran zane.

Ka tuna benen nan mai hawa 21 da ya rufto a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021, sama da mutum 40 suka mutu har da shi mai ginin. Bayan abin ya faru shugaban hukumar kula da gine-gine ta jihar ya fito ya ce hawa 15 aka ba da izini. Sannan wata wasiƙa ta ɓulla wadda kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta tun farkon 2020 yana cewa ya zare hannunsa ba zai iya tsaya wa ingancin ginin ba. Wato gargaɗin yana nan a rubuce kusan shekara biyu kafin ginin ya zube, karanta shi ne ba a yi da kunnen basira ba. Nan Kano ma ba mu manta da benen da ya rushe a titin Beirut a watan Agustan 2022 ana tsakiyar gininsa ba, ga kuma makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024 suna cikin aji, mutum 22 suka rasu.

Abin da zaka fara yi, koma wurin wanda ya sayar maka ka tambaye shi zanen ginin, ba na akitek kaɗai mai nuna ɗakuna da tagogi ba, har da na injiniya wanda ke nuna rodi da kaurin fila da bim da dekin. In ya ce babu, wanda shi ne abin da nake zato, ka leƙa hukumar tsara birni ta jiharku, a Kano KNUPDA kenan, ko akwai fayil ɗin ginin. In can ma babu toh sai ka ɗauko injiniya mai rajista da COREN, wato hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ka nemi lambarsa ka gani da idonka don masu amsa sunan injiniya sun yi yawa a gari. Zai sa a tona gefen fandisho a auna, a gwada ƙarfin kankaren da na'ura, in ta kama a yanko ɗan guntu a kai ɗakin gwaji, a duba irin ƙasar wurin, sannan ya rubuta maka rahoto ya buga hatiminsa. Zai iya cewa a ɗora ɗaya kawai, zai iya cewa sai an ƙara filoli, zai iya cewa kar a ɗora komai, duk wanda ya faɗa ka karɓa ko bai maka daɗi ba. Da rahoton nan da sabon zane zaka je neman izini, don izinin hawa ɗaya ba ya rufe hawa uku. Kuma tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta inshora ga irin wannan bene da ake kan ginawa, mutane ne dai basa yi.

Idan aka fara aiki kuma, ka sayi littafi mai bango mai kauri ka ajiye a wurin. Kullum a rubuta buhun siminti nawa aka buɗe, kwanon sarki nawa na yashi da tsakuwa ake zuba wa buhu ɗaya, wa ya zo dubawa me ya ce. Ranar da za a zuba dekin kar a fara kwaɓa kankare sai injiniya ya hau ya ga rodin ya sa hannu, a ɗora tef na awo a kai a ɗauki hoto yadda tazarar za ta fito, don da zarar kankare ya rufe shikenan babu mai sake ganinsa, a nan ne kuwa ake zare rodi a sayar. A ɗebi kankaren a cika 'yan akwatunan gwaji a rubuta kwanan wata a jiki, a fasa wasu a kwana 7 wasu a kwana 28 a kawo maka sakamakon a takarda. A rubuta ranar zubi da ranar da aka yarda a cire katakon da ke tallafe da dekin, saboda kafinta yana son katakonsa ya kai wani aikin, in babu rubutu zai rantse maka sati uku ne alhali kwana goma ne. Ban ruwa ma a sa wa yaro ɗaya shi ne aikinsa, aƙalla sati guda safe da yamma, balle a zafin nan namu.

Sannan masu shagunan ƙasa, ranar zubin dekin a rufe shagunan su tafi gida.

TAMBAYA: Malam Injiniya sannu da aiki, ni malama ce a wata makarantar kuɗi, muna da tukunyar kashe gobara guda biyu tun da na fara aiki suke rataye ban taɓa ganin an taɓa su ba, shin suna lalacewa ne? Sannan ƙofar baya kullum a kulle take da kwaɗo wai don kar yara su gudu. Daga wata malama, Zariya.

AMSA: Malama suna lalacewa sosai. Ki duba agogon da ke wuyanta, in allurar ba ta kan kore toh ta sace, ado ne kawai a bango. Mai hoda kuma in ta daɗe hodar dunƙulewa take yi. Ya kamata a samu takarda a jikinta mai nuna ranar da aka yi mata sabis, sau ɗaya a shekara, ku kuma duk wata wani ya leƙa ya sa hannu. Ku gayyaci 'yan kwana-kwana su zo su nuna wa malamai yadda ake zare fil ɗin a nufi gindin wuta, don na tabbata rabinku ba su taɓa ɗaga ta ba.

Amma ni ƙofar ce ta fi damuna. A 2002 gobara ta tashi da dare a wata masana'antar roba a Ikorodu ma'aikata da dama suka ƙone saboda an kulle su a ciki, a Amurka ma a 1911 haka aka rasa mutum 146 a wata masana'antar ɗinki a New York yawancinsu 'yan mata, ƙofa a kulle. Ki samu shugaban makarantar cikin ladabi, in da hali ku rubuta ku malamai da yawa ku sa hannu, a cire kwaɗon a sa sakata ta ciki wadda ko ɗan aji uku zai iya zarewa, in tsoron guduwar yara ake a zaunar da maigadi a wurin. Kuma sau ɗaya a kowane zango a kaɗa ƙararrawa ba tare da an sanar ba a fitar da yaran fili, kowace malama ta fito da rijistar ajinta ta kira suna, a rubuta minti nawa aka ɗauka da kuma ajin da ya makara.