Ku Tambaya Mu Amsa: Baikon Mishan da Hidimar 'Yan Ikilisiya a Cocin Methodist

Wasiƙun wannan wata mafi yawansu daga Taraba da kudancin Gombe suka zo, inda cocin United Methodist ya fi ƙarfi, kuma inda ake sujada da Hausa a ƙauyuka da dama. Mun zaɓi biyar.

Tambaya daga wani ma'ajin ikilisiya, Karim Lamido: Sau ɗaya a shekara muke karɓar baikon mishan. Abin da ake samu kaɗan ne, kuma kafin a aika da shi sai a ce a ara a gyara rufin majami'a. Daga nan shiru. Me za mu yi?

Baba, matsala biyu ka kawo, kuma ta biyun ce ke haifar da ta farko. Wanda ya ba da kuɗi don bishara, ya ga an sayi kwano da su, baɗi zai riƙe hannunsa, kuma bai yi laifi ba.

Mu fara da tarawa. Hanyar da Methodist suka gada ita ce a ba da kaɗan kowane mako. A 1742 a garin Biristol na Ingila, bashi ya hau ɗakin taron da John Wesley, wanda ya kafa Methodist, ya gina. Wani memba, Kyaftin Foy, ya ba da shawarar kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako, a raba jama'a rukuni-rukuni na kimanin mutum 12, kowane rukuni da shugaban da zai bi ya karɓa, kuma ya ɗauki alkawarin biya wa matalautan rukuninsa idan suka kasa. Daga wannan ne ajin Methodist ya samo asali. Ka yi lissafi da kuɗinmu: mutum 12, kowa naira 200 a mako, naira 2,400 ke nan, a mako 52 ya zama naira 124,800. Aji goma za su tara naira 1,248,000. Da yayyafi kogi kan cika. Bulus ma haka ya koya wa Korantiyawa, cewa kowa ya ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don kada a tsaya tara kuɗi sai ya iso (1 Korantiyawa 16:2). Shugaban aji ya riƙe ƙaramin littafi mai sunaye, ya miƙa abin da ya karɓa kowace Lahadi, a sa masa hannu. Kada a karanta sunan wanda bai biya ba a gaban jama'a. Wannan yana korar masu ƙaramin ƙarfi daga majami'a gaba ɗaya.

Sai riƙon kuɗin, kuma nan ne muke roƙonka ka tsaya tsayin daka. Kundin dokokin cocin ya ce aƙalla mutum biyu ne za su ƙirga baiko, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Ya kuma hana mutum ɗaya ya haɗa aikin ma'aji da na magatakardan kuɗi, wato mai rubuta abin da ya shigo dabam, mai fitarwa dabam, kuma kada su zama mata da miji ko uba da ɗa. Ana kuma binciken littattafai kowace shekara. A aikace ga yadda za ta kasance. Da an tashi sujada, masu ƙirga su zauna a cikin majami'a, kada a kwashi kwandon zuwa gidan kowa. A zube baikon mishan a gefensa, a ƙirga shi daban, a rubuta a takarda: 'yan dubu guda kaza, 'yan ɗari biyar guda kaza, jimla kaza, da kwanan wata da sa hannun su biyun. Kwafi ɗaya wurin magatakarda, ɗaya wurin ma'aji. A kai banki ranar Litinin. Inda banki ya yi nisa, a tura ta wurin mai POS zuwa asusun ikilisiya, a manna rasit ɗin a littafi, a kuma kwafe lambarsa da biro, domin tawadar irin wannan takarda tana gogewa cikin 'yan watanni. Asusun ya kasance da sunan ikilisiya, ba sunan fasto ko ma'aji ba, kuma fitar da kuɗi sai da sa hannu biyu.

Game da aron da ka ambata, kuɗin da aka ba da don abu takamaimai, a kan wannan abin kaɗai ake kashe su. Maganin aro shi ne kada kuɗin su kwana da yawa. Ku tsai da shawara a majalisar ikilisiya, a rubuta a littafin taro, cewa kowane wata uku za a aika da baikon mishan zuwa ofishin gunduma ko ga mai bisharar da kuke tallafa wa, a kuma karanta rasit ɗin a lokacin sanarwa. Rufin majami'a a buɗe masa nasa asusun. Idan wani dattijo ya ce wannan rashin yarda ne da juna, ka buɗe masa 2 Korantiyawa 8:20-21, inda Bulus da kansa ya nemi abokan tafiya don kada wani ya sami abin zargi a kan kuɗin da aka damƙa masa. Tsarin nan mutuncinka yake karewa, Baba, kafin ya kare kuɗin.

Tambaya daga wata shugabar zumuntar mata, Zing: Baikon godiya na kaka da hatsi muke kawo shi, don masu bishara na ƙauyuka. Bara ƙwari sun cinye kusan rabin wake da masara kafin a raba.

Mama, abu uku ne ke lalata hatsin baiko: laima, haɗa kaya, da rashin mai kula. Kowane gida da irin bushewar nasa, sai a juye duka a buhu ɗaya, ɗanyen ya ɓata busasshen. Don haka a ranar karɓa ku auna da mudu guda ɗaya tak, ku rubuta, sa'an nan ku sake shanya komai a kan leda ko tamfol kwana biyu zuwa uku, a sheƙe. Ga gwaji mai sauƙi: ku zuba ɗan hatsi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ku rufe, ku girgiza, ku bar ta 'yan mintoci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana.

Wake da masara ku zuba su a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwarin suna mutuwa ne saboda rashin iska, shi ya sa huda ɗaya ko yawan buɗewa ke ɓata aikin. A jera buhunan a kan katako, nesa da bango, saboda sanyin ƙasa da ɓeraye. Kada a sa ƙwayar maganin ƙwari mai fitar da iskar guba a ɗakin da mutane ke kwana ko a jikinsa, tana kisa. Gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar da ita, kada a ce ai ta kyauta ce.

Wajen rabo, ku ba masu bishara kashi biyu: wani bayan kaka, babban kason kuma daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, farashi ya tashi. Mata biyu su riƙe makullai biyu, da littafin shiga da fita.

Tambaya daga wani shugaban matasa, Jalingo: Mu 20 ne, muna so mu je wani ƙauye mu taimaka da ginin majami'a. Ta ina za mu fara?

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara himma. Ku fara da tambayar mutanen ƙauyen abin da suke bukata, ta hannun fastonku da shugaban gundumarsu. Wataƙila ku da bulo kuke tunani, su kuwa rijiya ce ta rufta, ko ɗakin mai bishara ke yoyo. Mutum biyu ko uku su riga ku zuwa, su gai da mai gari, su ga filin, su tabbatar akwai takardar kyauta ko ta saye mai shaidu. Gini a filin da ba takarda shi ne rigimar gobe.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Janairu zuwa Maris: an gama kaka, hanya ta bushe, mutanen gari suna da sararin fitowa gayya. Amma rani ne, don haka ku tambayi inda za a sami ruwa, domin sabon bulo yana bukatar a shayar da shi safe da yamma har mako guda. In za ku buga bulo da kanku, ku buga shi makonni biyu kafin ranar gini, kuma buhun siminti ɗaya mai kilo 50 kada ya wuce bulo 30 mai inci tara. Ku ɗauki magini ƙwararre ku biya shi, shi zai fitar da harsashi da kusurwa. Ku kuma ɗiban yashi, kwaɓa da miƙa kaya.

Abin da ya fi ɓata irin wannan tafiya shi ne ciyarwa. Baƙi 20 na kwana biyar za su iya cinye abincin wata guda na ƙaramar ikilisiya, kuma kunya ba za ta bar su su faɗa muku ba. Ku tafi da shinkafarku da manku da magi da tabarmi da gidan sauro, ku sayi itace da kayan miya a garin. Maza da mata masauki dabam. Wanda bai kai shekara 18 ba sai da izinin iyaye a rubuce, kuma duk inda ake aiki da yara a sami manya biyu. Ku yi tafiya da rana, ku bar sunayenku da lambobin waya wurin fasto. Kada ku raba magani sai kuna tare da ma'aikacin lafiya mai lasisi, da sanin sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Kuma kada kowa ya yi alkawari da bakinsa, irin su "za mu dawo mu kafa rufi", sai abin da majalisarku ta amince kuma kuɗinsa na hannu.

Tambaya daga wani malamin makaranta, Filiya: Fastonmu yana da ikilisiyoyi huɗu, sau ɗaya a wata muke ganinsa. Ni ba naɗaɗɗe ba ne. Zan iya yin wa'azi? Jibin Ubangiji fa?

Malam, wa'azi kam ƙofa a buɗe take. Tun farkon shekarun 1740 wani memba, Thomas Maxfield, ya fara wa'azi a Landan lokacin da Wesley ba ya nan. Wesley ya dawo da niyyar hana shi, mahaifiyarsa Susanna ta ce ya fara sauraronsa tukuna. Ya saurara, ya bar shi. A ƙasar Muri ma, tun daga lokacin da ɗan mishan C. W. Guinter ya buɗe tashar mishan ta Bambur a 1923, masu bishara da malamai 'yan ƙasa ne suka riƙe ƙauyukan da Bature ba ya kaiwa.

Sai dai akwai tsari. Ka fara gaya wa fasto. Shi da majalisar ikilisiya, ko taron ikilisiya na shekara wanda shugaban gunduma ke jagoranta, su ne za su ba da shaida a kanka. Daga nan ka yi kwas na farko na hidimar 'yan ikilisiya da wani na gaba da shi, ka riƙa ba da rahoto kowace shekara, ka kuma ƙara wani kwas cikin kowace shekara uku, in ba haka ba shaidarka ta faɗi. Mai son hawa bagade a kai a kai yana ƙara darussa a kan wa'azi, bi da sujada, bi da addu'a, baye-bayen Ruhu, tarihin Methodist da tsarin mulkin cocin, sa'an nan kwamitin gunduma ya gana da shi. Majalisun cocin a Afirka suna da ikon daidaita wasu sassan kundin, don haka ofishin gundumarku zai gaya maka ranar kwas da wurin yinsa.

Baftisma da keɓe gurasa da ƙoƙo na Jibin Ubangiji aikin fasto ne. Kai za ka iya taya shi rabawa, kuma za ka iya kai wa marasa lafiya a gida abin da ya riga ya keɓe, idan ya aike ka. Ku tsara da shi tun farkon wata: wace Lahadi zai zo, waɗanne ayoyi za ka bi. Shawararmu ita ce minti 20 zuwa 25, aya ɗaya da ka fahimta sosai, kuma kada ka kawo rigimar gida ko ta siyasa kan bagade. Haka nan kada a tara maka wa'azi da riƙon kuɗi a lokaci ɗaya. Ziyarar marasa lafiya da makarantar Lahadi da ajin masu shirin baftisma su ma hidima ce cikakkiya, kuma su ne aka fi rasa masu yi. In ka ga kiran ya wuce haka, makarantar tauhidi ta Banyam tana Bambur.

Tambaya daga wata 'yar'uwa mazauniyar Amurka: Ina so in aika taimako gida, amma ina tsoron kada ya ɓace a hanya.

'Yar'uwa, cocin United Methodist yana da hanyar ba da taimako mai suna The Advance tun 1948, ƙarƙashin hukumar mishan ta cocin. Kowane aiki da aka amince da shi yana da lambarsa, kuma abin da kika bayar duka yana tafiya ga aikin da kika zaɓa. Taimakon gaggawa, kamar na ambaliya ko gudun hijira, hukumar agaji ta cocin, UMCOR, ce ke yinsa tun 1940. In kuwa ikilisiyar garinku kike nufi kai tsaye, ki tura asusun da ke ɗauke da sunanta, ki rubuta wa fasto da ma'aji saƙo guda mai faɗin adadin da abin da kike so a yi da shi, ki nemi rasit da hoto. Ki kuma sani cewa a 2024 cocin ya rabu a Najeriya: Bishop John Wesley Yohanna da wasu ikilisiyoyi sun koma Global Methodist, aka zaɓi Bishop Ande Emmanuel a Disamba na wannan shekara ya jagoranci United Methodist. Kafin ki tura, ki tambayi ikilisiyar garinku ɓangaren da take da kuma masu sa hannu a asusun yanzu.