Amsa ga mai tambaya kan launin sandar ƙasan allo

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka sayi laftof na hannu a Marwa, Windows 10 ne a kai da Faransanci, kana son sandar nan ta ƙasan allo ta koma koriya, amma wurin da za ka sa alama ya dushe, ba ya dannuwa. Kwantar da hankalinka, kwamfutarka lafiya lau take. Shekara 9 ke nan ina buga wa mutane takardu a wani ɗan shago a Garwa, kuma wannan abin ya taɓa cin mini sefa 3,000 a banza, don wani mai gyara ya ce sai an sake zuba Windows. Aka zuba, sandar tana nan fara fat kamar yadda take.

Ga inda matsalar take. Tun sabuntawar watan Mayun 2019 aka shigo da farin yanayi, wanda suke kira Clair. Muddin kana kansa, Windows ba ya yarda a shafa wa sandar launi. Shiga Paramètres, sai Personnalisation, sai Couleurs. A saman shafin ka zaɓi Personnalisé. Zaɓi biyu za su fito: na Windows ɗin kansa ka mai da shi Sombre, na manhajoji kuwa ka bar shi Clair in kana son tagoginka su zauna farare. Gangara ƙasa, za ka ga akwatin Démarrer da barre des tâches (sunan sandar ke nan da Faransanci) ya farfaɗo. Sa masa alama, ka zaɓi korenka. Akwai kuma wani akwati da ke ɗauko launi daga hoton bangon allo da kansa. In ka bar shi a kunne, duk sanda hoton ya canza launin ma sai ya canza, ka zaci aljanu ne. Cire shi.

Amma in shafin gaba ɗaya ne ya dushe, da jan rubutu a sama cewa sai ka yi rajistar Windows, to wannan batun lasisi ne, ka koma wurin wanda ya sayar maka.

Sai maganar sheƙin nan kamar gilashi, Effets de transparence. Shi ne ke sa koren da ka zaɓa ya ɗan canza, don hoton baya yana ratsowa. Ni dai kashe shi nake yi. Na'ura mai RAM giga 4, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a nan, fanka na kuka kamar injin niƙa, me zan yi da ado? Ka kuma lura, idan aka ɗauke wuta laftof ya shiga tsimin batir, sheƙin yana ɗaukewa da kansa, sai ka jona caji ya dawo. Masu Windows 7 sun san shi da sunan Aero, kuma nau'in Starter ba shi da shi sam.

Wani lokaci kuma ba sandar kaɗai ba ce, allon ne duka ya juye. In ya yi ruwan ɗorawa, duba Éclairage nocturne, wato saitin hasken dare. In ya koma baƙi da fari kamar tsohuwar talabijin, yawanci yara ne suka danna Windows da Ctrl da C tare, maimaita dannawar. Kwamfutar tebur kuwa, in allonta ya yi ja-ja ko shuɗi, fara da wayar VGA mai shuɗin kai ɗin nan da ke haɗa ta da allon. Ƙura ko lanƙwasar allura ɗaya ta isa ta ɗauke launi guda. Tawa da hura iska da ɗaure kusoshin biyu ta warke.

Gwada na farkon, in akwatin bai farfaɗo ba ka ɗauki hoton shafin Couleurs ɗin ka turo mu gani.