Gem mai maki 70: a saya ko a bar wa mai shago abinsa?

Saƙonnin wannan makon sun karkata ne zuwa ga wasannin bidiyo na PlayStation da Xbox, musamman irin waɗanda ba su kai a yi musu kirari ba, ba su kuma lalace har a jefar da su ba. Na zaɓi guda huɗu daga cikin garin Kaduna, domin kusan duk abu ɗaya suke tambaya ta fuskoki daban-daban.

Tambaya, daga wani matashi a Tudun Wada: Malam, na sayi PlayStation 4 na hannu, mai shagon kuma ya ce zai ba ni faifan Days Gone a kusan rabin kuɗin God of War. Da na duba intanet sai na ga an ba Days Gone maki 71, shi kuwa God of War 94. Shin wannan yana nufin gem ɗin banza ne?

Amsa: Ƙanena, ba banza ba ne, amma kafin in yi maka bayaninsa ya kamata ka san inda wannan lamba ta fito. Shafin Metacritic, wanda daga nan ne ka ga makin, ba ya buga gem da kansa. Yana tattara makin da mujallu da shafukan sharhi suka bayar ne, ya fitar da matsakaici. A tsarinsa, gem ɗin da ya samu 75 zuwa sama ana ba shi launin kore, daga 50 zuwa 74 rawaya, ƙasa da haka ja. A makaranta wanda ya ci 71 ya yi ƙoƙari, amma a kasuwar gem an saba kumbura maki har ta kai ana kallon 71 kamar wanda ya tsallake da ƙyar. Kamfanoni ma suna ɗaukar lambar da muhimmanci fiye da kima: masu haɗa Fallout: New Vegas na 2010 sun rasa ƙarin kuɗin da aka yi musu alkawari saboda gem ɗinsu ya tsaya a 84, alhali yarjejeniyar ta ce 85.

Abin da lambar ba ta gaya maka shi ne yadda aka kai gare ta. Gem mai maki 70 ba kasafai yake zama wanda komai nasa ya tsaya a tsakiya ba. Yawanci abu ɗaya ne aka yi shi da kyau matuƙa, sannan aka kewaye shi da abubuwa uku ko huɗu masu gundura, sai matsakaicin ya fito haka. Days Gone, wanda Bend Studio ya fitar a 2019, misali ne sak. Kana buga wani mai babur ne mai suna Deacon a jihar Oregon ta Amurka, bayan wata annoba ta mayar da mutane dodanni. Babur ɗin shi ne rayuwarka: yana shan fetur, yana lalacewa, idan tanki ya ƙare a tsakiyar daji dole ka sauka ka tafi neman jarka da ƙafa. Duk wanda ya taɓa tura babur daga Kawo zuwa gidan mai ba ya buƙatar a fassara masa wannan fargaba. Abu na biyu kuma, wanda a ganina shi ne dalilin sayen gem ɗin, shi ne dandazon dodannin, waɗanda suke zuwa da ɗaruruwa a lokaci guda, mafi girmansu kuma, na tsohon gidan yankan katako, ya kai 500. Sai ka zauna ka nazarci wurin, ka dasa nakiyoyi a mashigai, ka ajiye babur yana fuskantar hanyar gudu, kafin ka harba harsashin farko.

Aibinsa kuwa a fili yake. Labarin yana jan ƙafa, kuma ba za ka samu makaman da za ka tunkari babban dandazo da su ba sai bayan sa'o'i masu yawa na aike-aike iri ɗaya: je ka ƙona sheƙar dodanni, je ka kamo wani, je ka laɓe ka saurari zancen masu bincike ba tare da sun gan ka ba. Mai sharhin da aka ba mako ɗaya ya gama gem ya rubuta ra'ayinsa zai ji wannan jan ƙafa kamar azaba, amma kai da za ka riƙa buga sa'a ɗaya bayan isha'i na tsawon wata biyu ba lallai ya dame ka haka ba.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu fiye da yadda suka shafi mai sharhi a Landan. Na farko, ba ko'ina ake adana ci gaba da hannu ba, sai kana kusa da babur ko gado, kuma babu abokin gaba a kusa. Ni kaina na taɓa kwashe kusan minti 40 ina fama da wani dandazo, saura ƴan ƙalilan in gama da su aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta komai ya koma farko. Tun daga ranar nake adanawa kafin kowane babban faɗa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, gem ɗin ya fito da kurakurai: hoto yana sarƙewa idan kana gudu a babur, sauti yana ɓacewa. An gyara mafi yawansu daga baya, sai dai gyaran yana intanet, ba ya cikin tsohon faifai. Idan ka saka faifan ba ka sauke sabuntawar ba, to wancan gem ɗin da aka ba 71 za ka buga, da duk ciwonsa. Sabuntawar tana cin gigabait da yawa, saboda haka ka sanya shi cikin ciniki: mai shago ya sauke maka ita a kan na'urarka kafin ka biya. Idan ya yarda, ka saya. God of War ya fi shi ta kowace fuska ta ƙwarewa, amma a rabin kuɗi Days Gone bai cuce ka ba.

Tambaya, daga wani ma'aikaci a Barnawa: Ina da kuɗin faifai ɗaya kawai. Tsakanin The Order: 1886 da Mad Max, wanne zan ɗauka? Na ga bidiyon The Order, hotonsa kamar fim.

Amsa: Yallaɓai, ka ɗauki Mad Max. Dukansu a 2015 suka fito, makinsu kuma ba shi da nisa da juna, 63 da 69, amma ciwonsu ya sha bamban. The Order: 1886 har yau yana cikin gem mafi kyawun hoto a PlayStation 4; tufafin jaruman, hazon birnin Landan da hasken fitilu duk an yi musu aiki na ban mamaki. Matsalar ita ce cikin sa'o'i shida zuwa bakwai ka gama shi, kuma wani kaso mai yawa na wannan lokaci kallo kake yi, ko kuma jira kake a nuna maka madannin da za ka latsa. Akwai babi-babi da kusan ba ka taɓa fad, wato abin da ake riƙewa a hannu a sarrafa gem, a cikinsu. Babu wasan mutum biyu, babu wani dalilin komawa, labarin ma ya tsaya ne a inda ya kamata ya fara zafi, kuma ci gaban da aka yi wa shimfiɗa bai taɓa fitowa ba. Mutanen da suka biya dala 60 a ranar farko suna da hujjar yin fushi. Wannan gem ne na aro: ka karɓa ranar Juma'a, ka mayar ranar Lahadi.

Mad Max kuwa rashin sa'a ya fara yi masa illa, domin rana ɗaya ya fito da Metal Gear Solid V, wato 1 ga Satumba, hankalin kowa kuma ya tafi can. Abin da ya iya shi ne mota. Kana fara ta a matsayin gwangwani, kana tara ƙarafa kana ƙara mata inji, sulke da ƙugiyar da ake fizge ƙofar motar abokin gaba ko a jawo direban kansa, kuma farautar ayarin motoci a cikin sahara, musamman idan guguwar ƙura ta taso, abu ne da har yau ban ga wanda ya yi kamarsa ba. Da zarar ka sauka daga motar sai darajar ta ragu: dambe ne irin na wasannin Batman na Arkham amma bai kai su santsi ba, taswirar kuma cike take da sansanoni da hasumiyoyi waɗanda bayan ka rusa goma ka ga sauran duka. Shawarata ita ce kada ka ce sai ka share kowace alama a taswirar, domin nan ne gundurar take. Ka yi abin da zai inganta motarka ka bi labari. An rufe ɓangarensa na intanet tun 2020, amma hakan bai hana buga shi daga farko har ƙarshe ba tare da data ba.

Tambaya, daga mai shagon gem a Rigasa: Malam, ina da talabijin huɗu, ƙwallo ce kawai yara suke bugawa. Ina son in ƙara wasu gem masu araha don a samu canji. An kawo mini Need for Speed na 2015, The Crew da Jump Force.

Amsa: Alhaji, biyu daga cikin ukun nan kada ka bari su kwana a shagonka. The Crew na farko, na 2014, ya mutu: kamfanin Ubisoft ya rufe na'urorin da gem ɗin ya dogara da su a ƙarshen Maris na 2024, kuma tun daga lokacin faifan ba ya wuce shafin farko, ko da kana da intanet. Wanda ya kawo maka shi ko dai bai sani ba ko kuma yana neman inda zai sauke kaya. Need for Speed na 2015 shi ma an gina shi ne a kan sai da intanet a kowane lokaci, ko da kai kaɗai kake tsere, ba a iya dakatar da shi a tsakiyar tsere, kuma mutum biyu ba sa iya bugawa a talabijin ɗaya. A wajen masu sharhi wannan aibi ne da ya rage masa ƴan maki ya tsaya a 66; a Rigasa, inda sabis yake zuwa yana tafiya, wannan aibin shi kaɗai ya isa ya mayar da makin sifili. Kafin ka sayi kowane faifai, ka juya bayan kwalinsa ka duba ko an rubuta cewa sai da intanet, ka kuma duba adadin mutanen da za su iya bugawa a na'ura ɗaya.

Jump Force na 2019 ya samu makin da bai kai na waɗancan ba, 56, amma shi ne kaɗai zai iya kawo maka kuɗi, domin faɗa ne na mutum biyu a talabijin ɗaya, da jaruman zane irin su Goku da Naruto waɗanda yara suka riga suka sani. Abin da masu sharhi suka fi kushewa, wato labarinsa mara armashi da fuskokin da ba sa motsi, bai shafi kwastomanka ba, tunda ba labari suka zo bi ba. Abin da zai shafe ka shi ne daɗewar da yake yi yana lodi tsakanin faɗa da faɗa, wanda a shagon da ake biya bisa kowane wasa asara ce. An daina sayar da shi a intanet tun 2022, saboda haka faifai ne kawai hanyarka. Idan kuɗinka zai kai, Tekken 7 ko Mortal Kombat 11 sun fi shi nesa ba kusa ba, sai dai na biyun yana da zubar da jini mai tsanani wanda bai dace da ƙananan yara ba.

Tambaya, daga wata uwa a Unguwar Rimi: Ɗana mai shekara takwas yana son gem, an ce in saya masa Knack domin na yara ne. Na ga kuma ana cewa ba shi da kyau.

Amsa: Hajiya, ta fuskar tarbiyya babu abin damuwa a cikinsa, alamar shekaru da ke kan kwalinsa na Turai 7 ce, saɓanin Days Gone, Mad Max da The Order waɗanda duk 18 ne. Matsalar Knack na farko, wanda ya fito tare da PlayStation 4 a 2013, ita ce kamanninsa na yara ne amma wahalarsa ta manya ce: bugu biyu ko uku jarumin ya tarwatse, a mayar da yaro baya mai nisa, kuma dabarun faɗan ƴan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Yaro mai shekara takwas zai yi kuka ya ajiye fad. Ki nemi Knack 2 na 2017, wanda aka ƙara masa dabaru, aka rage nisan komawa baya, kuma mutum biyu za su iya buga shi tare daga farko har ƙarshe, ta yadda yayansa zai iya taya shi a wuraren da suka yi tsauri. Ki tabbata an sa masa matakin wahala mafi sauƙi tun daga shafin farko, kuma idan faifan na hannu ne, a gwada shi a gabanki har ya wuce lodin farko kafin ki bar shagon.